Ciwon maƙogwaro da zuciyar yaro: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Wai da gaske ciwon maƙogwaro na iya lalata zuciya?

Da gaske. Wanda ƙwayar bakteriya mai suna sitirep ke kawowa, kuma 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa.

Ƙwayar ce ke gangarawa zuciyar?

A'a, garkuwar jikin yaron ce ke ɓarnar. Da ƙwayar ta shiga, fararen ƙwayoyin jini ke taruwa a wuya, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi, jiki ya ɗau zafi. Daga nan jiki ya haɗa sinadaran da za su kama ƙwayar. To wani furotin da ke jikinta ya yi kama da naman zuciya da na gaɓoɓi, sai garkuwar ta rikice ta far wa nata. Mako 2 zuwa 3 bayan wuya ya warke, gwiwa ta kumbura, ta saki, idon sawu ya ɗauka. Ku kuma ku ce sanyi ne, ku shafa man zafi. Gaɓoɓin sukan warke sarai. Ƙofofin da ke tare jini a cikin zuciya su ne ke yin tabo.

A kai yaron wurin wanzami ya cire belu?

Kada ku kuskura. Belu bai yi laifin komai ba, kuma ga zubar jini.

To duk ciwon wuya in ba shi antibayotik?

Nan ne da wuyar amsa. Yawancin ciwon wuya bairos ne, antibayotik ba ya taɓa shi. Idan akwai majina da tari da dishewar murya, galibi mura ce, za ta wuce. Idan kuwa zazzaɓi ya zo farat ɗaya, haɗiyar yawu na zafi, ka haska wuyan da fitilar waya ka ga fari-fari kamar mugunya, kaluluwa na ciwo, babu tari, zargin sitirep ya yi ƙarfi. Na ce zargi. Ko likita da ido kaɗai yana iya kuskure, shi ya sa inda akwai gwaji ake dangwalo ruwan maƙogwaro a duba. Inda babu, ma'aikacin lafiya ne zai auna, ba mai kemis ba. Idan an rubuta penisilin ko amoksisilin, kwana 10 ne cif; kwana 3 ɗin da kuke yi ku ajiye sauran a kan firij ba magani ba ne. Wuya ya kumbura sosai, ko numfashi na wahala? Ku tuna mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, ku nufi asibiti a daren.

Yarona ya yi ciwon wuya watan jiya, bai sha komai ba. Shikenan?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Kaɗan ne cikin yara garkuwarsu ke yin wannan kuskure. Ki dai lura da ciwon gaɓoɓi, haki, ko fizgar hannu da fuska ba da son ransa ba.

Cutar ta riga ta taɓa yarona, an ɗora shi kan allura duk wata. Har yaushe?

Allurar penisilin ce ta hana sitirep sake kama shi, kuma shekaru ake yi, sau da yawa 10 ko fiye. Duk sitirep ɗin da ya sake kama shi yana sake tunzura garkuwar, tabon ya ƙaru. Kada ku tsallake wata don ya ji sauƙi.