Tallafin Karatu na Commonwealth

Tallafin karatu na Commonwealth shiri ne da ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta kafa a 1959 domin ɗaukar nauyin ɗalibai daga wata ƙasar ƙungiyar su je wata su yi karatun gaba da digirin farko, musamman digiri na biyu da digirin digirgir. Yana cikin tsofaffin shirye-shirye irinsa da har yanzu suke aiki. Birtaniya ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka: hukumar da ke kula da shirin a can ta ɗauki nauyin mutum sama da 30,000 tun farawa, kuma a shekarun baya-bayan nan takan ba da gurabe 700 zuwa 800 a shekara. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi samun waɗannan gurabe.

Asali

Maganar ta fara fitowa ne a watan Satumba na 1958, a birnin Montreal na Kanada. Wanda ya kawo ta shi ne Sidney Smith, ministan harkokin wajen Kanada, wanda kafin nan ya shugabanci Jami'ar Toronto. Bai ga cikar shirin ba, domin ya rasu a watan Maris na 1959, wata huɗu kafin taron ilimi na farko na ƙungiyar da aka yi a Oxford a watan Yuli, inda aka tsara yadda za a gudanar da shi. A wannan taron aka sa burin samun ɗalibai 1,000 suna karatu a lokaci guda. Birtaniya ta yi alƙawarin 500, Kanada 250, sauran ƙasashe suka raba ragowar. A shekarar ce majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar kafa hukumar da za ta riƙe nata ɓangaren, rukunin farko na ɗalibai kuma ya isa a 1960.

Lokacin ya dace da buƙata. Gana ta samu 'yanci a 1957, Najeriya a 1960, kuma a ranar 'yancin Najeriya babbar makarantar da ta daɗe tana koyar da karatun digiri ita ce kwalejin Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 tana ba da digirin Jami'ar Landan. Cikin shekara biyu sai ga jami'o'i a Nsukka da Zariya da Ife da Legas, dukkansu suna neman malamai 'yan ƙasa masu digirin digirgir da za su gaji Turawan da ke koyarwa. Haka abin yake a Gana da Uganda da tsibiran Karibiyan. Saboda haka aikin shirin na farko, ko da ba a rubuta shi haka ba, shi ne horar da malaman sababbin jami'o'i.

An kafa shirin a kan ƙa'idoji biyar, amma biyu ne suka fi bayyana halinsa. Ta ɗaya ita ce cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: kowace ƙasa ta aika ɗalibai, ta kuma karɓi na wasu. A shekarun 1960 Najeriya da Gana da Indiya duk sun ba da gurabe, har an samu 'yan Birtaniya da Kanada da suka zo karatu jami'o'in Afirka da wannan tallafi. Ta biyu ita ce babu wani asusu guda na tsakiya: ƙasar da ke karɓar baƙi ita ke biya, ita ke yanke hukunci na ƙarshe, ƙasar ɗalibi kuma ita ke gabatar da sunaye. Wannan tsarin na nan har yau, shi ne kuma dalilin da ya sa neman tallafin yake da ƙofa biyu.

Yadda manufar ta sauya

A farkon shirin ƙwazo kaɗai ake dubawa, kowane fanni kuwa. Marubuciya Germaine Greer ta Ostareliya ta je Cambridge da shi a 1964 ta yi nazarin adabin Ingilishi. Mark Carney na Kanada, wanda daga baya ya shugabanci babban bankin Kanada da na Ingila kafin ya zama firaminista, da shi ya yi karatun tattalin arziki a Oxford. Kenny Anthony, tsohon firaministan tsibirin Saint Lucia na Karibiyan, shi ma da shi ya yi digirin digirgir a fannin shari'a a Birmingham.

Abin da ya juya akalar shirin shi ne aljihun da kuɗin ke fitowa. Daga 1980 gwamnatin Birtaniya ta Margaret Thatcher ta sa ɗaliban ƙetare su riƙa biyan cikakken kuɗin makaranta, sai kowane gurbi ya ƙara tsada. Wasu ƙasashe masu arziki suka ja baya, suka karkata ga nasu shirye-shiryen, jami'o'in Afirka da dama kuma suka shiga matsin kuɗi har suka kasa karɓar baƙi. A Birtaniya yawancin kuɗin ya koma fitowa daga kasafin agajin raya ƙasashe, wanda doka ta ɗaure shi da rage talauci. Tun 2002 hukumar tana aiki ne ƙarƙashin dokar raya ƙasashe masu tasowa. A 2008 ma'aikatar harkokin waje ta janye kuɗin da take bai wa ɗalibai daga ƙasashe masu arziki irin su Kanada da Ostareliya, abin da ya jawo ƙorafi sosai, har aka nemo wata hanyar biyan 'yan gurabe kaɗan. Tun daga 2020, da aka haɗe ma'aikatar agaji da ta harkokin waje, haɗaɗɗiyar ma'aikatar ce babbar mai biya.

Sakamakon haka, mai neman tallafin a yau dole ya nuna abin da bincikensa zai tsinana wa ƙasarsa. Hukumar ta ware jigogi shida na ci gaba, cikinsu akwai kimiyya da fasaha, ƙarfafa tsarin kiwon lafiya, zaman lafiya da shugabanci, da shirin tunkarar bala'o'i, kuma kowace takardar nema sai ta shiga ƙarƙashin ɗaya. A takarda ba a hana kowane fanni ba. A aikace, mai binciken zazzabin cizon sauro ko irin gero mai jure fari ya fi samun sauƙin kafa hujja a kan mai nazarin tsoffin rubuce-rubucen ajami, ko da na biyun ya fi shi ƙwazo. Wannan asara ce ga fannonin harshe da tarihi, waɗanda dama ba su da masu ɗaukar nauyi da yawa.

Ire-iren gurabe

Gurbin digirin digirgir na wata 36 ne cur a wata jami'ar Birtaniya. A 'yan shekarun nan an taƙaita shi ga ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da waɗanda ake ganin suna cikin rauni, jerin da ya haɗa da Najeriya da Kamaru da Pakistan da Bangladesh. Jerin yakan sauya, don haka sanarwar kowace shekara ce abin dogaro.

Akwai kuma gurbin raba-ƙafa, wanda ya fi dacewa da malaman jami'a. Ɗalibin yana rajista ne a jami'ar ƙasarsa, ita ce kuma za ta ba shi digirin, amma sai ya yi wata 12 a Birtaniya ƙarƙashin malami na biyu. Misali, mai binciken ingancin ruwan rijiyoyi zai tara samfurinsa a gida, ya je can ya yi amfani da na'urorin da ɗakin gwajin jami'arsa ba shi da su, ya dawo ya kammala rubutu. Sharaɗinsa shi ne a samu alaƙa tsakanin sassan jami'o'in biyu, malaman biyu kuma su rubuta goyon baya. Ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma ba ya raba mutum da wurin aikinsa na tsawon shekaru.

Sauran guraben na digiri na biyu ne: na shekara guda, da wanda ake raba kuɗinsa da jami'o'i, da na karatu daga nesa ta intanet wanda aka fara a 2002. Akwai kuma gajeren horo na ma'aikata. A 2009, lokacin cika shekara 50, aka kafa wani asusu domin farfaɗo da tsohuwar manufar musaya, wanda aka sa wa sunan Sarauniya Elizabeth a 2018. Da shi ake karatun digiri na biyu a jami'o'in ƙasashe masu tasowa.

Abin da tallafin ke ɗauka

Ga mai digirin digirgir, ana biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya, da tikitin jirgi na zuwa da na komawa, da alawus na wata-wata wanda a shekarun nan ya haura fam 1,300, na mazauna Landan kuma ya haura fam 1,600 saboda tsadar haya. Akwai kuɗin tafiye-tafiyen karatu, da gudummawar aikin tattara bayanai a gida idan binciken ya buƙaci haka, da alawus na miji ko mata da 'ya'ya bisa sharuɗɗa. Har kuɗin sayen kayan sanyi ake bayarwa, abin da yakan ba mutum dariya a takarda, sai ya sauka filin jirgi a ƙarshen Satumba da 'yar shara da hula sannan ya gane amfaninsa.

Alawus ɗin yana isar mutum ɗaya mai tattali. Mai iyali yakan ji jiki, musamman wajen haya da kuɗin renon yara, ga kuma 'yan uwa a gida da ke lissafin fam da naira suna ganin ya yi arziki. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban ƙetare zuwa da iyali, amma ta bar ƙofa ga masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Yadda ake nema da zaɓe

Mai nema dole ya kasance ɗan ƙasar da ke cikin jerin, mazauninta na dindindin, mai digirin farko da ya kai aji na biyu babba, ko aji na biyu ƙarami haɗe da digiri na biyu, kuma ya tabbatar ba zai iya biyan karatun da kansa ba. Ana buɗe nema wajen Satumba, a rufe a Oktoba, sakamako ya fito kusan tsakiyar shekara mai zuwa, karatu ya fara a Satumba ko Oktoba. Wato daga cike takarda zuwa hawa jirgi shekara guda ce.

Hukumar ba ta karɓar takardar digirin digirgir kai tsaye. Mutum zai cike ta intanet a shafinta, sannan ya bi ta hannun mai gabatarwa. A Najeriya wannan aikin na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi a Abuja, wadda ke da nata sharuɗɗan, kamar takardar kammala hidimar ƙasa, da nata tantancewar. Wasu jami'o'i da ƙungiyoyin agaji ma suna da ikon gabatarwa. Mutane da yawa sun faɗi tun a nan, don sun cike ɗaya sun manta ɗaya. Sunayen da suka tsallake sai masana fannin a Birtaniya su duba su, sannan kwamitin hukumar, mai mambobi da ba su wuce 15 ba, ya yanke hukunci a kan abu uku: ƙwazon karatu, ingancin tsarin binciken, da tasirin da ake sa rai ga ƙasar mai nema. Ayyukan ofis na yau da kullum kuwa Ƙungiyar Jami'o'in Commonwealth ce ke yi, wadda aka kafa a 1913, mai hedikwata a Landan.

Mataki mafi wuya ba ya cikin fom ɗin. Ana buƙatar wasiƙar goyon baya daga malamin wata jami'ar Birtaniya da ya yarda zai duba aikin, kuma samun wannan yakan ci watanni. Farfesoshi suna samun saƙonnin imel barkatai, yawancinsu kwafi ɗaya da aka aika wa mutum hamsin, an canza suna kawai. Wanda ake amsa wa shi ne wanda ya karanta maƙalun malamin, ya kawo tambayar bincike ƙwaya ɗaya mai iyaka, ya faɗi inda zai samo bayanai da yadda zai gama cikin shekara uku. Tsarin da ya ce zai magance matsalar tsaro a yankin Sahel baki ɗaya ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya ce zai binciki yadda ake sasanta rikicin burtali a ƙananan hukumomi biyu yana da dama. Bayan samun gurbi akwai gwajin tarin fuka kafin biza, wasu fannonin kimiyya da injiniya kuma sai an samu izinin tsaro na musamman daga gwamnatin Birtaniya.

Komawa gida da suka

Duk wanda ya karɓi tallafin yana sa hannu cewa zai koma ƙasarsa da zarar wa'adin ya ƙare. Binciken da hukumar ke yi a kan tsoffin ɗalibanta ya nuna mafi yawansu suna komawa, kuma kaso babba na aiki a jami'o'i. Masu suka suna cewa komawar ba ta wadatar ba idan babu abin aiki: masanin sinadarai da ya saba da ɗakin gwaji mai wuta dare da rana zai dawo ya tarar da aji mai ɗalibai ɗaruruwa da janareta babu mai, bayan 'yan shekaru kuma ya sake neman hanyar fita. Wasu kuma suna ganin kuɗin agajin da ake cewa an kashe wa ƙasashe matalauta yawancinsa a jami'o'in Birtaniya da gidajen hayarta yake ƙarewa. Akwai kuma batun wa ke samu: wanda ya yi makaranta mai kyau, yake da intanet da malaman da suka san hanya, ya riga ɗan ƙauye nisa tun kafin a fara. Mata tsiraru ne a rukunonin farko, amma yanzu sun kai kusan rabi.

Cancanta tana bin zama mamba. Afirka ta Kudu ta fita daga ƙungiyar a 1961 ta dawo a 1994, Zimbabwe ta fice a 2003, Gambiya ta fita a 2013 ta dawo a 2018. Kamaru da Mozambik sun shiga a 1995, Ruwanda a 2009, Gabon da Togo a 2022, ƙungiyar ta kai ƙasashe 56. Nijar da Chadi da Sudan ba mambobi ba ne, don haka Bahaushen Katsina ko na Kumasi yana iya neman wani gurbi a shirin, na Maraɗi ba ya iyawa. Yawan guraben kuwa ya dogara da kasafin agajin Birtaniya, wanda aka rage daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 gwamnati ta sanar da sake rage shi zuwa 0.3 daga 2027.