Ma'anar hemiyanofiya: makantar ɓari guda da batun tuƙin dattawa

Hemiyanofiya kalma ce ta likitoci, asalinta Girkanci, ma'anarta kuma rashin ganin rabi. Da Hausa sai mu ce makantar ɓari guda. Amma kada a ɗauka ido ɗaya ne ya mutu. Idanun biyu lafiyarsu ƙalau. Abin da ya ɓace shi ne rabin abin da kowannensu ke gani, kuma a irin da aka fi samu, ɓari ɗaya ne a duka biyun. In hagu ne, ko wane ido mutum ya rufe, duk abin da ke hagun wurin da ya zuba wa ido ya ɓace masa.

Ido ɗaukar hoto kawai yake yi, ainihin gani a ƙwaƙwalwa ake yinsa, can wajen ƙeya. A hanya jijiyoyin gani suna haɗuwa, wasunsu su tsallaka ɗaya ɓarin, shi ya sa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ke riƙe da ganin hagu, na hagu kuma ke riƙe da ganin dama. Jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a wannan hanya, sai rabin duniya ya tafi. Bugun jini, wanda aka fi sani da shanyewar ɓarin jiki, shi ne kan gaba a cikin manya, sai buguwar kai da ƙari a ƙwaƙwalwa. Wani lokaci kwata ne kawai ke ɓacewa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, yawanci mai ita ba duhu yake gani a wajen ba. Yanzu haka ba ka ganin abin da ke bayanka, amma ba ka jin akwai wani baƙin labule a can. To haka yake ji. Sai a ga dattijo yana bugun ƙyauren ƙofa da kafaɗa ɗaya kullum, ya ture kofin da ke gefensa, ya zabura in an zo masa ta hagu kamar daga ƙasa aka ɓullo. Iyali su ce tsufa ne. A kai shi gwajin ido ya karanta haruffan allo har ƙanana. Ya ce, "Ni fa garau nake gani." Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya rage masa garau yake.

A kan titi wannan giɓi na iya cin rai. Yaron da zai tsallaka, mai babur da ya kunno kai a mararraba, duk ta gefe suke fara bayyana. Don haka ƙasashe da dama ba sa tsayawa kan kaifin ido, har faɗin gani suke aunawa. A Birtaniya da Tarayyar Turai, mai tuƙa ƙaramar mota sai faɗin ganinsa ya kai kusurwa mai digiri 120 daga gefe zuwa gefe, aƙalla 50 ta hagu da 50 ta dama. Mai cikakkiyar hemiyanofiya ba ya cika wannan sharaɗi. Hukumar DVLA, mai ba da lasisin tuƙi a Birtaniya, tana amfani da gwajin Esterman: mutum ya kafa ido a tsakiya, idanu biyu a buɗe, ya danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya ƙyalla.

Duk da haka ba a rufe ƙofa ruf ba, kuma ina ganin adalci ne. Wasu suna koyon waiwaye da zagaya ido zuwa ɓarin da ya ɓace har su tuƙa lafiya, wasu kuwa ba sa iyawa, ko da giɓinsu iri ɗaya ne a takarda. A Birtaniya, in matsalar ta shekara guda ba ta ƙaru ba, likita kuma ya tabbatar mutum ya saba da ita, ana iya gwada shi a kan titi. Akwai ma tabarau na musamman da Eli Peli na Jami'ar Harvard ya ƙirƙiro, masu jawo hoton ɓarin da ya ɓace zuwa inda ake gani, sai dai taimako ne, ba warkewa ba. Ganin da zai dawo da kansa yawanci a watannin farko yake dawowa, bayan wata 6 da wuya a ƙara samun wani abin kirki.

Ga dattijo lamarin ya fi nauyi, ba don yawan shekaru kaɗai ba. Wuya ya yi tauri, taka birki ya rage sauri, wataƙila ga yanar ido ko hawan jinin ido. Waiwayen da zai cece shi, shi ne jikin ya fara ƙi. Na san karɓe makulli daga hannun wanda ya yi shekara 40 yana tuƙi ba ƙaramin abu ba ne, ji zai yi an mai da shi yaro. Gara a ce masa, "Baba, mu je a auna faɗin ganinka tukuna," a kuma faɗa wa likita kalmar hemiyanofiya ƙarara, don karanta allo ba ya nuna ta. Kafin sakamako ya fito, wani ya riƙe sitiyari, Baba ya zauna a gefe.