Bukukuwan Tsibirin Kalimnos

Kalimnos tsibiri ne na ƙasar Girka a rukunin tsibiran Dodekanis, kusa da Kos da gaɓar Turkiyya. Babban garinsa Potiya ne. An san mutanensa da kamun kifi da kuma nutso a teku don ciro soso, kuma wasu daga cikin bukukuwansu na Kiristancin Otodoks sun ɗauki kamannin wannan sana'a.

Ranar 6 ga Disamba ake bikin Waliyyi Nikolas, wanda matuƙa jirage ke ɗauka majiɓincinsu. Ranar 6 ga Janairu kuma limamin coci yakan yi wa ruwa addu'a ya jefa gicciye cikin teku, samari su faɗa ruwan sanyi suna rige-rigen ɗauko shi.

Ista ce babbar sallar tsibirin. A lokacinta samari kan hau duwatsun da suka kewaye Potiya su riƙa jefa nakiya, ƙararta ta cika gari. Al'ada ce mai haɗari da ta taɓa cin rayuka, amma ba a bar ta ba. A gidaje ana dafa muri, wato rago ko akuya da aka cusa wa shinkafa aka gasa cikin tukunyar ƙasa a rufe.

Muhimmancin Ista a nan ya wuce na ibada kawai, domin a da bayanta jiragen masu soso ke tashi zuwa gaɓar Arewacin Afirka, ba sa komowa sai bayan watanni. Kafin tafiya akan yi wa jirage addu'a, a ci a sha, a yi bankwana, kowa ya san ba duka za su dawo ba. Tun daga shekarun 1860, da aka kawo rigar nutso mai hular ƙarfe da bututun iska, mutane da yawa sun mutu ko jikinsu ya shanye saboda saurin fitowa daga zurfi.

Daga nan rawar mihanikos ta samo asali, kuma ita ce abin da ya fi taɓa zuciya a bukukuwan tsibirin. Mai rawa yakan dogara da sanda, ƙafafunsa na rawa, ya faɗi, ya yunƙura ya tashi, har kiɗa ya yi sauri ya yar da sandar. Ana yin ta har yau, ko da yake cutar da ta afka wa soso a 1986 ta durƙusar da sana'ar.