Ƙarar jiragen yaƙi da ke halaka balen

Ɗalibaina a nan Yamai sun ga hoton balen, waɗannan manyan dabbobin teku, a mace jere bakin gaɓa. Yawancinmu ruwan da muka sani bai wuce kogin Isa ba, shi ya sa tambayoyi suka yi yawa da na ce musu ana zargin sona ce sila.

Mece ce sona?

Na'ura ce da jirgin ruwan yaƙi ke harba ƙara da ita cikin ruwa, ya saurari amsa-kuwwa, don ya gano jirgin abokan gaba da ke nutse. Dabarar jemage ce. A ruwa sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, kuma yana cin nisa ƙwarai.

Ina ruwan balen da wannan?

Balen ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, yana shayar da 'ya'yansa kamar ayu. Can ƙasan teku duhu ne ƙirin, kunnensa shi ne idonsa: da shi yake farauta, da shi uwa ke gane inda ɗanta yake. Wanda ƙarar sona ta fi cutarwa shi ne nau'in balen mai dogon baki, gwanin nutso, da aka taɓa aunawa ya kai zurfin mita 2,992.

Ƙarar ce ke kashe shi, Malam?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. A Satumban 2002, lokacin wani atisayen soji a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, guda 14 suka fito gaɓa. Da likitocin dabbobi suka feɗe gawarwakin, sai ga kumfar iska cikin jijiyoyi da kayan ciki, irin ciwon da ke kama mai nutso idan ya taso da gaggawa. Masana na ganin firgita ce sila. Dabbar ta bar cin abinci, ta zabura da gudu, tsarin nutsonta ya rikice, jini ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza.

Ko dai dace ne kawai?

A'a. An gani a Girka a 1996, an sake gani a Bahamas a Maris na 2000, kuma rundunar ruwan Amurka da kanta ta yarda sonarta na da hannu a na Bahamas.

An hana?

Sifaniya ta hana atisaye da sona a ruwan da ke kewaye da Kanari a 2004, mace-macen garke-garke kuwa suka tsaya shekara da shekaru. A Amurka, Kotun Ƙoli ta fifita horon soji a 2008. Ban yarda da wannan hukunci ba, tunda ana iya kai atisaye wani ruwan, balen kuwa ba shi da wani gida.