Lambobin Cajin Kuɗin Duba Masu Shan Warfarin a Hannun Nas a Amurka

Warfarin maganin tsinka jini ne da ake bai wa masu bugun zuciya marar tsari da waɗanda jini ya taɓa daskare musu a jijiya. Idan ya yi yawa mutum ya yi ta zubar jini, idan ya yi kaɗan gudan jini ya toshe hanya. Shi ya sa ake yawan auna INR, ma'aunin lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, wanda ga mafi yawan marasa lafiya ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. A asibitocin Amurka sau da yawa nas ce kaɗai ke yin wannan aikin: ta huda yatsa, ta ɗiga jini a na'ura, ta tambayi majinyaci ko dasashinsa na jini ko ya sha wani sabon magani.

Kowane aiki yana da lambarsa ta cajin kuɗi a tsarin CPT na Ƙungiyar Likitocin Amurka. Gwajin kansa 85610 ne, kuma ana ƙara masa QW idan da ƙaramar na'urar hannu aka yi. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne 99211, lambar ziyarar da ba lallai a ga likita ba. Huda yatsa kaɗai bai isa a caje ta ba. Sai takarda ta nuna an duba majinyacin, an auna halinsa, an yanke shawara a kan maganin. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, kuma tana buƙatar likita ne ya tsara jinyar tun farko, kuma nas tana aiki ne ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye. Wannan tsauri yana da amfani, domin rubutun da ke kare asibiti shi ne kuma ke nuna an kula da mai shan maganin da gaske.

A 2018 aka soke 99363 da 99364, tsofaffin lambobin kula da masu shan warfarin, aka kawo 93793 don duba sabon sakamakon INR, gyara yawan magani da sanar da majinyaci, ko ta waya ne. Ba a haɗa ta da 99211 a rana ɗaya kan aiki guda. Koya wa majinyaci gwaji a gida kuma 93792 ce.

A ɓangaren ICD-10-CM, tsarin lambobin cututtuka da dalilan ziyara, ana sa Z51.81 (bibiyar aikin magani a jiki) da Z79.01 (daɗewa ana shan maganin tsinka jini), tare da lambar ciwon da ya sa aka ba da maganin.