Hulɗar Magungunan Farfaɗiya da Lebotayiroksin

Lebotayiroksin magani ne da ake bai wa mutumin da ƙullin tayirod ɗinsa, wanda ke gaban wuya inda maƙoƙo yake fitowa, ya gaza samar da isasshen sinadarin tayiroksin (T4), ko kuma aka cire masa shi ta hanyar tiyata. Wasu tsofaffin magungunan farfaɗiya, musamman fenitoyin da karbamazefin da fenobabital, suna rage wannan sinadari a cikin jini, har adadin ƙwayar da ke wadatar da majinyaci a da ya daina isarsa.

Tarihi

Edward Kendall ne ya fara ware sinadarin tayiroksin a asibitin Mayo da ke Amurka a 1914, sannan Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin bincike a Birtaniya wajajen 1927. Fenobabital ya shiga kasuwa a 1912 da sunan Luminal. Fenitoyin kuwa, ko da yake Heinrich Biltz ya haɗa shi a Jamus tun 1908, sai a 1938 Merritt da Putnam suka nuna amfaninsa ga masu farfaɗiya. Karbamazefin ya fito daga kamfanin Geigy na birnin Basel a 1953.

A farkon shekarun 1960 ne Oppenheimer da abokan aikinsa suka lura cewa ma'aunin aidin da ke manne da furotin na jini, wanda ke nuna yawan T4, yakan sauka a jikin masu shan fenitoyin. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne, gwaji yakan nuna T4 ya yi ƙasa alhali mutum yana nan garau, TSH ɗinsa ma, wato sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki kuma yake hauhawa idan T4 ya yi ƙaranci, bai motsa ba. A 1996 Surks da DeFesi suka nuna cewa wani ɓangare na wannan ruɗani daga hanyar gwajin yake, domin sirka ruwan jini kafin aunawa yana sa sakamakon ya fito ƙasa da gaskiyarsa.

Yadda abin ke faruwa

Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 yana yawo ne a manne da furotin. Fenitoyin da karbamazefin suna ture shi daga wannan mazauni, sannan dukkan magungunan uku suna zaburar da hanta ta ƙara saurin sarrafa shi da fitar da shi ta maɗaci. Jimillar T4 na iya sauka da kashi 20 zuwa 40. Mai lafiyayyen tayirod yakan cike giɓin da kansa, amma wanda ya dogara kacokan da ƙwayar da yake haɗiya kowace safiya ba shi da wannan dama, sai kasala da jin sanyi da ƙiba da taurin bayan gida su dawo masa sannu a hankali. Sau da yawa akan ɗora laifin kasalar a kan maganin farfaɗiyar kansa, abin da ke jinkirta gano matsalar.

Kulawa

Akan auna TSH bayan kimanin makonni 6 zuwa 8 da fara maganin farfaɗiya ko sauya adadinsa, a ƙara lebotayiroksin idan da buƙata. Raba lokacin shan magungunan ba ya magance komai, tun da a hanta abin yake faruwa, ba a hanji ba. Idan likita ya janye maganin farfaɗiyar, hanta takan koma yadda take, adadin da aka ƙara ya yi yawa, ya jawo bugun zuciya da gumi da rawar hannu. Dakatar da maganin farfaɗiya kwatsam yana iya tayar da ciwon da tsanani.

Sauran magunguna

A cikin sauran magungunan farfaɗiya, balfurowet ba ya zaburar da hanta, amma an danganta shi da ɗan hauhawar TSH a yara, kuma masana sun saɓa kan muhimmancin hakan. Lamotirijin da lebetirasetam ba su da wani tasiri na a zo a gani.