Ɗurin harsashi a gida: tambayoyi da amsoshi kan wata sha'awa ta maharban Amurka

A filayen koyon harbi na Amurka, idan an tashi, za ka ga wasu sun sunkuya suna tsince kwanson harsasan da aka harba suna zubawa a jaka. Baƙo zai ɗauka gwangwan suke tarawa. Gida suke kai su, su wanke, su gyara, su sake ɗura su, mako ya zagayo su dawo su harba. Sha'awa ce mai dogon tarihi a can, tana da kamfanoninta da littattafanta da ƙa'idojinta.

Me ake nufi da sake ɗura harsashi?

Harsashin zamani abu huɗu ne aka haɗa wuri ɗaya. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne. A gindinsa akwai ɗan makunni mai kama da maɓallin riga, shi allurar bindiga ke duka idan an ja kunama. A ciki akwai hoda, wato albarushin zamani, a baki kuma ƙwayar da ke fita ta tafi. Idan an harba, ukun sun tafi ke nan: makunni ya ƙone, hoda ta ƙone, ƙwaya ta fice. Kwanso ne kawai ke saura, kuma shi ne ya fi sauran tsada. To mai wannan sha'awa yakan sayi sabon makunni da hoda da ƙwaya daga kamfanonin da ke yin su, ya mayar da su cikin tsohon kwanson. Ba shi ke haɗa hodar ba, ba shi ke ƙera makunnin ba. Nasa aikin shi ne awo da haɗawa.

Tun yaushe ake wannan?

Kusan tun fitowar harsashi mai kwanson ƙarfe. A ƙarshen ƙarni na 19 mutumin da ke zaune nesa da gari a yammacin Amurka ba ya samun harsashi a duk lokacin da ya so, dole ya riƙa ɗura nasa. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal mai yin kayan ɗuri na hannu, daga baya kamfanin Lyman ya saye shi a 1925.

Amma abin ya bunƙasa ne a lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa. Masana'antu sun koma yi wa soja aiki, farar hula suka rasa harsashin farauta. A 1943 Fred Huntington ya fara kamfanin RCBS a garin Oroville na jihar Kalifoniya, Vernon Speer kuma ya riƙa amfani da tsofaffin kwanson ƙananan harsasai yana yi wa ƙwayar dalma riga. Da aka gama yaƙi, Bruce Hodgdon ya sayi rarar hodar soja daga gwamnati ya riƙa sayar wa jama'a da araha. Joyce Hornady ya buɗe nasa kamfanin a Nebraska a 1949, Richard Lee ya fito da ƙaramin kayan ɗurinsa mai sauƙin kuɗi a 1958. Har yau waɗannan sunayen ne mutum zai gani a kan teburin kusan kowane mai ɗuri.

Wasu harsasan da ake sayarwa a kanti yanzu ma daga teburin irin waɗannan mutane suka fito. Gwaje-gwajen da Elmer Keith ya daɗe yana yi da harsashin .44 Special ne suka kai kamfanonin Remington da Smith & Wesson ga fito da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950.

Gaskiya ne ana rage kashe kuɗi?

Kuɗin kowane harsashi ɗaya yana raguwa, wannan gaskiya ne, musamman ga manyan bindigogin farauta da tsofaffin bindigogin da harsashinsu ya yi wuyar samu. Ga harsashin da ya cika kasuwa kamar mai milimita 9, ribar ba ta taka kara ta karya ba idan aka lissafa kayan aiki da lokaci. Su kansu masu abin suna yawan faɗa cewa kuɗin ba ya zama a aljihu, harbin ne ke ƙaruwa. Kuma ɗuri a gida ba ya kuɓutar da mutum daga kasuwa. A 2020 da 2021, lokacin da harsashi ya yi ƙaranci a Amurka, makunni ma ɓacewa ya yi daga kantuna, wanda bai tanada ba ya zauna da injinsa ba aikin yi.

Ni a ganina wanda ya shiga don araha kawai ba ya daɗewa. Waɗanda suka daɗe, abin da ya riƙe su shi ne saiti. Kowace bindiga tana da halinta, ko da biyu sun fito daga masana'anta ɗaya rana ɗaya. Harsashin kanti an yi shi ne ya shiga kowace bindiga mai wannan awo, kamar rigar da aka ɗinka ta kasuwa. Mai ɗuri kuwa yana neman wanda ya dace da tasa bindigar ita kaɗai, har ya kai ƙwaya biyar su taru wuri ɗaya a kan takarda daga nisan mita ɗari.

Me mutum zai fara saya?

Littafi. Kafin inji, kafin hoda. Kamfanonin Lyman da Hornady da Speer da Sierra duk suna buga littafin ɗuri, kuma kowanne yana da kashi biyu: na farko yana koyar da aikin, na biyu jadawali ne da ke nuna, ga wannan harsashi da wannan ƙwaya da wannan hoda, daga ina ake farawa kuma ina ne iyakar da ba a wucewa. Waɗannan alƙaluma a ɗakin gwaji aka samo su da na'urar auna ƙarfin fashewa. Ƙungiyar SAAMI ta kamfanonin ƙera bindiga da harsashi, wadda aka kafa a 1926, ita ke tsara iyakokin a Amurka, a Turai kuma hukumar CIP. Shi ya sa ban kawo awon hoda ko ɗaya a nan ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya ɗauki awo daga bakin wani a intanet ba.

Bayan littafi sai injin matsawa, wanda ake ɗaurewa a kan tebur mai ƙarfi, yana da hannu da ake ja ƙasa. Akwai wasu gajerun bututun ƙarfe masu zare da ake murɗawa a samansa, kowane nau'in harsashi da nasa. Sai sikelin hoda, da ma'aunin tsawo mai baki biyu irin na makanikai, da abin datse kwanso, da man shafa wa kwanso, da allon katako ko roba mai ramuka da ake jera kwanson a tsaye, da tabarau na kare ido.

Injin iri biyu ne. Akwai mai yin aiki ɗaya a kowane ja, kamar Rock Chucker na RCBS, wanda mutum zai yi awa guda ya samu harsashi hamsin ko ɗari. Akwai mai juyawa irin na Dillon, wanda kowane ja harsashi ne ke faɗowa gamamme, ɗaruruwa a awa. Sabon shiga ya kama na farko. A kan mai juyawa abubuwa huɗu ko biyar ke faruwa lokaci ɗaya, idon da bai goge ba kuwa ba zai ga inda kuskure ya shiga ba. Sauri kan haifi nawa, a nan kuma abin da yake haifa ya wuce nawa.

Yaya aikin yake tafiya?

A wanke kwanso, a duba shi ɗaya bayan ɗaya, mai tsaga ko lanƙwasa a jefar. A matsa shi ya koma awonsa na asali, domin harbi yana kumbura shi, a nan ne kuma tsohon makunni ke faɗowa. A auna tsawonsa, idan ya miƙe a datse. A sa sabon makunni, a auna hoda a zuba, a ɗora ƙwaya a danna ta zuwa zurfin da littafi ya faɗa, a sake aunawa. Daga ƙarshe a rubuta komai a jikin akwatin: irin hoda, awonta, irin ƙwaya, ranar ɗuri, da sau nawa aka ɗura wannan kwanso.

Kowane kwanso ne ke ɗuruwa?

A'a. Ƙaramin harsashin nan .22 da ake dukansa a gefen gindi ba a sake ɗura shi a al'ada, domin makunninsa a cikin leɓen kwanson yake. Kwanson baƙin ƙarfe da na alminiyam ma ana barinsu.

Ko a cikin na tagulla akwai bambanci. Tun shekarun 1860 makunni iri biyu ne. Wanda Edward Boxer na Ingila ya ƙirƙiro yana da rami ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, sai a zura sanda a ture tsohon makunni ya fita. Wanda Hiram Berdan na Amurka ya ƙirƙiro yawanci ƙananan ramuka biyu gare shi a gefe, cire shi wahala ne. Abin mamaki, sai aka yi musaya: Amurka ta rungumi na ɗan Ingila, sojojin Turai da Rasha suka daɗe a kan na ɗan Amurka. Wannan na cikin dalilan da suka sa sha'awar ta fi kafuwa a Amurka. Mai ɗuri yakan haska cikin kwanso da tocila, idan ya ga rami biyu ya ajiye shi gefe.

Kwanson bindigar farauta mai kyau yakan ɗauki ɗuri biyar zuwa goma, wani lokaci fiye, ya danganta da yadda ake matsa masa.

Ina haɗarin yake?

A cikin awo yake. Ana auna hoda da wani ma'auni da ake kira giren, giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, wato giren ɗaya bai wuce miligiram 65 ba, sikelin kuma yana nuna har kashi ɗaya cikin goma na giren. Dalilin wannan tsanani shi ne ƙarfin da ke tashi a cikin bindiga lokacin harbi. Tayar mota tana ɗaukar iska kamar laba 32 a kan kowane inci murabba'i. Harsashin .308 Winchester kuwa iyakarsa laba 62,000 ne, kuma wannan yana faruwa ne ɗan taƙi kaɗan daga fuskar mai harbi.

Kurakurai uku ne suka fi raunata mutane. Na farko, zuba hoda sau biyu a kwanso ɗaya. A wasu harsasan ƙaramar bindiga hodar ba ta cika ko rabin kwanso ba, saboda haka ninki biyu zai shiga ba tare da ya zube ba. Na biyu, mantawa da hodar gaba ɗaya. Makunni shi kaɗai yana iya tura ƙwaya ta shiga bututu ta maƙale, mai harbi ya ji ƙara ba kamar kullum ba, idan bai tsaya ya duba ba ya sake harbawa, ta biyu ta tarar da ta farko a hanya. Na uku, rikita hoda. Ta ƙaramar bindiga tana ci da sauri, ta babba a hankali, da ido kuma ba lallai a bambance su ba. Wanda ya zuba mai saurin ci a kwanson babbar bindiga da awon babba, bindigar za ta tarwatse a hannunsa.

Maganin duka ukun hali ne, kuma tsofaffin hannu ba sa sassautawa a kansa. Gwangwanin hoda ɗaya tak a kan tebur. Idan an gama zubawa, a haska kwanson da ke jere a allo a ga tsayin hoda ya zo ɗaya kafin a ɗora ƙwaya. Ba waya, ba talabijin, ba hira, ba sigari. A fara daga ƙasan jadawali a hau a hankali, ana duba alamun matsi kamar makunnin da ya baje ko kwanson da ya ƙi fita da sauƙi. Idan an yi shakka a kan harsashi, a kwance shi. Kuma ba a harba ɗurin wani, komai kusancinku.

Akwai haɗari na huɗu da ba a jin ƙararsa, wato dalma. Tana cikin ƙwaya, tana cikin yawancin makunni, tana kuma cikin ƙurar da ke tashi wajen wanke kwanso. Ba a cin abinci a wurin, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, yara da masu juna biyu kuma ba wurinsu ba ne. Hoda a bar ta a gwangwaninta na asali, wuri mai sanyi marar laima, nesa da makunni.

Doka ta yarda?

Ya danganta da ƙasa, kuma wannan ce tambayar da ya kamata ta riga sayen littafin ma. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda ya halatta ya mallaki harsashi idan don kansa yake ɗurawa, amma mai son yin sana'ar sayarwa sai ya karɓi lasisi daga hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, wasu jihohi kuma suna da ƙarin sharuɗɗa. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa ya samu izini a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa. A Birtaniya, tun dokar 2006, ba a sayar wa mutum makunni sai ya nuna takardar mallakar bindiga.

A Najeriya ƙofar a rufe take. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi sai a wuraren da gwamnati ta amince, kamar masana'antar ƙera makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, ko riƙe harsashi ma sai da lasisi. Wanda aka kama da kayan ɗuri a ɗakinsa, cewa sha'awa ce ba za ta fitar da shi ba, kuma da irin jinin da bindiga ta zubar a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, ban ga laifin wannan tsanani ba. Bahaushen da ke zaune a Amurka ko Turai, ya mallaki bindiga bisa doka, shi ne wannan bayani zai yi wa amfani a aikace, kuma shi ma ya nemi ƙungiyar maharba ta garinsa ya zauna kusa da wanda ya daɗe yana yi kafin ya taɓa hoda.

To maharbanmu masu bindigar toka fa, ba ɗuri suke yi ba?

Ɗuri ne, har ma shi ne kakan wannan. Maharbi yana zuba albarushi ta bakin bindiga, ya danna tsumma, ya sa dalma, kamar yadda ake yi a ko'ina kafin fitowar kwanso. Amma albarushin gargajiya da hodar zamani ba abu ɗaya ba ne. Hodar zamani marar hayaƙi, wadda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ƙarfinta ya ninka na albarushi, ba ta kuma yarda da awon ido ko na tafin hannu. Bututun bindigar toka, wanda maƙeri ya ƙera, ba a yi shi don ya ɗauki irin wannan ƙarfi ba. Maharbin da ya fasa harsashin zamani ya juye hodarsa a bindigar toka don ta ƙara nisa, bututun ne zai tsage, kuma hannunsa na hagu a kansa yake.